Gwanintar Hildegard Wajen Sanin Ganye da Saiwa

A Jamus ta ƙarni na 12, ɗiyar manyan gida ko dai a aurar da ita don ƙulla zumunci, ko a miƙa ta gidan zuhudu. Hildegard, wadda aka haifa a 1098, ta biyun ce ta same ta. Ana cewa ita ce ta goma a 'ya'yan Hildebert da Mechthild, sai suka ba da ita zakka ga coci. Ta tashi a hannun Jutta, ɗiyar gidan sarautar Sponheim, a gidan zuhudu na Disibodenberg. Da Jutta ta rasu a 1136, matan gidan zuhudun suka zaɓi Hildegard ta gaje ta. Wajen 1150 ta kafa nata gidan a Rupertsberg, kusa da Bingen, a bakin kogin Rayin.

Irin waɗannan gidaje kan yi lambun magani da ɗakin jinya, kuma ilimin da ta tara yana cikin littafinta Physica: kashi tara, daga itatuwa da duwatsu zuwa kifaye, tsuntsaye da ƙarafa. Kashin tsirrai kaɗai ya haura babi 200.

Abin burgewa shi ne tsarin aikinta. Kowane tsiro sai ta fara tantance ɗabi'arsa: mai zafi ne ko mai sanyi, busasshe ko mai danshi. Sannan ta juya ga majinyaci: ƙarfinsa, shekarunsa, abin da yake ci. Abin da zai gyara lafiyayye yakan kayar da mai rauni, don haka takan faɗi wanda zai sha da wanda zai ƙaurace. Ba ta barin mai haɗawa cikin duhu: wannan a daka, wancan a tafasa da ruwan inabi, a tace da ƙyalle, a sha da ɗumi. Ta yaba wa galangal, ɗan uwan citta, kan ciwon zuciya, ta kuma fifita wani nau'in alkama a kan sauran hatsi. A wani littafin nata, Causae et Curae, har ƙaho da fitar da jini ta ɗaura wa ƙa'ida, gwargwadon shekarun mutum da kwanan wata.

Likitancin zamani ya ajiye da yawa daga bayananta a gefe, amma bai ajiye ɗabi'arta ba: a kalli mutum kamar yadda mai lambu ke kallon shuka, a san abin da ya rasa kafin a zuba masa komai. Ta rasu a 1179, tana da shekara 81.