Gidan Makama: Ginin da Ake Kallo ta Cikinsa

Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarkin Kano, ya yi rayuwa uku. Ruwaya ta ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun yi ofis a cikinsa. Yau kuwa gidan tarihi ne, mai ziyara na bin zaure bayan zaure, daga kafuwar birni da ganuwa zuwa Basasa da zuwan Bature.

Abin da nake tuhuma shi ne irin kallon da muka saba yi masa. Idonmu na kan takubba da sulke da hotunan sarakuna, ba mu cika ɗaga kai ba. Alhali babban abin kallo yana sama: azarar giginya da aka jera aka ɗaure, aka tanƙwara ta zama bakan gizo, har ta ɗauki nauyin rufin ƙasa. Kaurin bangon tubali kuwa shi ke sa zauren ya yi sanyi ko rana ta take. Wannan ilimi ne, kuma masu shi ba su da suna. Tarihin Kano ya lissafa wa Rumfa abubuwa goma sha biyu da ya ƙago, har da Kasuwar Kurmi da kakaki; maginin da ya murza tubalin fadarsa ko layi ɗaya bai samu ba. Mu ma, jikokin masu karanta wannan tarihi, haka muka gāji kallon.

Kuma lamarin ya wuce na adalci ga matattu. Ginin ƙasa ba ya tsayuwa da kansa kamar na dutse. Damina na cinsa, rani ya yi a sake yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo. Ke nan ƙasar da hannuna ya taɓa a bangon nan da wuya ta zama ta zamanin Rumfa; abin da ya kai shekara ɗari biyar shi ne sana'ar da ke maido da ita. Takobi yana iya kwana ƙarni a akwatin gilashi. Ɗaurin guga sai a hannun magini, su kuwa 'ya'yan magina sun koma bulo da siminti, kamar yadda wasu ƙofofin birnin kansu suka koma.