Jinjina ga Masu Haɗa Kai da Bodi

Kafin tirela ta bar Jalingo da buhunan masara ko shinkafa, ta nufi Wukari ko Numan, akwai aikin da mai kaya ba ya tsayawa kallo: haɗa kan mota da bodi. Direba da yaron motarsa ne ke yin sa, sau da yawa tun kafin rana ta fito.

A bayan kan motar akwai faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga, a ƙarƙashin bodi kuma akwai ƙusa mai kauri. Nauyin gaban bodi duka a kan farantin yake sauka. In bodi ya yi sama, ƙusar ta tsallake makullin da ke cikin tsagar. In ya yi ƙasa, kai ya doke shi. Saboda haka yaron mota yakan sa waigi a tayoyi, ya shafe farantin da giris, ya yi ta juya hannun ƙafafun bodi har tsayin ya daidaita. Da damina ƙasa na lumewa, sai ya shimfiɗa katako ƙarƙashin ƙafafun. Direba na yin baya a hankali, ido a madubi, kunne ga "Zo, oga! Tsaya!"

Ko ƙarfen ya yi ƙas, gwani bai gamsu ba. Zai ɗan ja gaba ya gwada, ya leƙa da tocila, sannan a jona tiyon iskar birki. Wasu na ce wa yaron nan karen mota, sunan da ban taɓa so ba. Da ya yi ganganci, da bodi mai tan 30 ya sulluɓe a tsakiyar kasuwar Mutum Biyu. Allah Ya saka masa da tasa motar.