Mawaƙin da ba shi da ubangida: shekarar da ke tafe a kudancin Kano

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A harkar waƙa kuwa, Larabar shekarar da muke shiga ta riga ta nuna fuskarta. Shekara ce ta share fagen zaɓen 2027, kuma duk wanda ya ga yadda 2014 da 2018 da 2022 suka kasance ya san abin da irin wannan shekara ke yi wa situdiyoyin Kano. Fiyano ba ya hutawa, 'yan amshi ba sa barci, amma rabin abin da ake bugawa sunan ɗan takara ne da kirarin jam'iyya. Abin da muke son dubawa a nan shi ne makomar mawaƙi mai zaman kansa a cikin wannan hayaniya, musamman matashin da ke zaune a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, wanda ke da baiti a baki da waya a hannu, ba shi da kowa a birni.

Sai mun fara daidaita ma'anar kalmar. A Ingila ko Amurka, idan aka ce mawaƙi mai zaman kansa, ana nufin wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku, Universal da Sony da Warner. Mu a nan babu irin wannan kamfani da ke riƙe da wuyan kowa, don haka da wannan ma'auni kusan duk mawaƙan Hausa masu zaman kansu ne. Abin da muke da shi iyayen gida ne. A da sarki ne ko basarake ko attajiri. Daga baya mai shirya fim ya shigo, sai ɗan siyasa, sai ango da amarya masu son a ambaci sunan danginsu kaf, yanzu kuma ga TikTok da ke son daƙiƙa talatin da za a iya takawa. Mai zaman kansa a wurinmu shi ne wanda ya zaɓi turken waƙarsa da kansa, ba wanda ya aiko masa da jerin sunaye a takarda.

Ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da rarrabe makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan jama'a. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ɗauki karen mota ya mai da shi abin waƙa, alhali karen mota ba shi da riga ko doki da zai ba shi. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi wa matan cikin gida magana a kan sana'a da kishiya da haihuwa. Ba mu ce ba su taɓa yi wa masu hannu da shuni waƙa ba. Amma waƙoƙin da suka rayu bayansu su ne waɗanda babu wanda ya saya tun kafin a rera.

Kudancin Kano yana da tabo na musamman a wannan magana. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa, aka janye shirin a cikin shekarar. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ba shi muka zo warwarewa ba. Abin da ya shafe mu shi ne har yau matashin da ke son waƙarsa ta fito da nagartar da rediyo zai karɓa yakan hau mota ne zuwa Titin Gidan Zoo a Kano. A can zai biya kuɗin situdiyo, ya biya makaɗi, wani lokaci ya biya mai amshi. Makaɗin kuma yana da layi a bayansa, don haka zai buɗe kwamfuta ya ɗauko kiɗan da ya yi wa wani jiya, ya sauya masa 'yar kwalliya, ya wanke muryar yaron da na'urar gyaran murya har ta koma kamar ta kowa. Yaro ya baro Riruwai da harshensa, ya koma gida da waƙar da ba za a iya bambanta ta da ta ɗan Ɗorayi ba.

Nan ne sukarmu take, kuma ba fiyano muke zargi ba. Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker da fiyano aka yi ta, ta kuma mamaye 2020 ta hanyar wayoyin matan da suka riƙa ɗaukar kansu suna taka ta a gaban mazajensu lokacin kullen korona. Ta yi nasara ne domin ta faɗi abin da ma'aurata ke ji amma kunya ta hana su furtawa. "Warr" ta Ado Gwanja a 2022 ta tsaya ne a kan tsohon tushe, wato habaicin mata na gidan biki, ta ba shi sabon kari. Kowacce daga cikinsu ta san wanda take yi wa magana. Matsalar ita ce ɗaruruwan kwafin da suka biyo baya, masu ɗaukar raujin su bar dalilin. Za ka ji baiti goma an jera zuciya da ƙauna da hawaye da alkawari don kawai amsa-amo ya zauna, babu gari, babu lokaci, babu mutum ɗaya da za ka iya gane fuskarsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin takaicin shi ne ƙasar da waɗannan matasa suka fito cike take da abin waƙa. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da masuntanta, da labarin ƙauyukan da aka tasa domin ruwa ya zauna. Ga shinkafar Tudun Wada, da matan da ke turara ta, da lissafin taki da bashi da ke hana manomi barci. Ga dajin Falgore, da direbobin da ke ratsa shi zuwa Saminaka da Jos, kowa da addu'arsa a baki. Ga ramukan kuzar Riruwai da samarin da ke shiga cikinsu. Ga Kwanar Ɗangora a kan titin Zariya, inda 'yan talla ke rayuwa a tsakanin tsayawar mota da tashinta. Ga Bebeji, tsohon garin fatake inda aka haifi Alhasan Ɗantata, mai dogon tarihi da hanyar goro ta Gwanja. Ga Fulani da Kurama da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya a ƙasar Doguwa, kowa da kiɗansa. Da wuya ka ji ɗaya daga cikin waɗannan a waƙoƙin da ke yawo a wayoyi.

A maimakon haka, ƙauye yana shigowa waƙar birni ne a matsayin abin dariya. Bikin nan da ake kira Ƙauyawa Day, wanda Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta haramta a 2025, ya nuna hoton ƙarara: 'yan birni su shafa kwalli har kunne, su ɗaura zane a karkace, su yi rawar da suke zaton ta ƙauye ce. Ko da haramci ko babu, amsar da ta fi dacewa da wannan izgili ita ce waƙa daga bakin ɗan ƙauyen da kansa, mai nauyin da zai sa mai dariya ya yi shiru.

Idan muka bi shekarar daki-daki, za mu ga inda damar take. Mawaƙin karkara ba shi da ranar fitar da kundi, kalandarsa ita ce ta jama'arsa. Azumi zai zo da wuri, kafin zafi ya tsananta, kuma lokaci ne na tashe. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a Kano saboda ɓata-gari, abin da ke nufin wata tsohuwar makarantar barkwanci da sukar halayya tana bushewa. Matashi mai kunne zai iya ɗaukar wannan salo na faɗar gaskiya cikin raha ya zuba shi a sabuwar waƙa. Sallah ƙarama da babba lokutan sabbin waƙoƙin soyayya ne, a nan ne za a fi jin kwaikwayo, a nan kuma wanda ya zo da nasa zai fi fitowa fili. Damina za ta kawo aikin gona, kuma muna fatan wani makaɗi zai tuna cewa gangar noma da ake bugawa a gayya tana da karin da babu shi a cikin fiyano, ya ɗauki mai ita da ransa ya kai shi gaban makirfo. Mauludi zai faɗo a tsakiyar damina, kuma sha'irai masu bege su ne rukunin da suka fi kowa sanin yadda ake tara masu sauraro ba tare da fim ko jam'iyya ba. Da kaka kuɗi zai shigo hannun manoma, bukukuwa su yawaita, liƙi ya samu. Daga nan kuma sai guguwar kamfe ta rufe komai.

Ba mu cikin masu cewa waƙar siyasa ƙazanta ce. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi ta a zamanin gwagwarmayar neman 'yanci, kuma abin da suka rubuta ya fito ne daga aƙidar da suka yarda da ita. Abin da ya sauya shi ne yanzu kwangila ce. Dauda Kahutu Rarara ya nuna wa kowane matashi cewa wannan fage yana kawo gida da mota, kuma babu mai hana yaron da bai mallaki keke ba sha'awar haka. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yankin da muke magana a kai ya ɗanɗana kuɗarsa a zaɓen 2023, lokacin da rikici a Tudun Wada ya ci rayuka. A irin wannan wuri zambo ba wasa ba ne, domin wanda aka zaga a waƙa maƙwabci ne, za a haɗu da shi a masallaci da kasuwa bayan ɗan takara ya koma Abuja. Wanda kuma ya zaɓi sukar masu mulki da bakinsa ya san ba shi da garkuwa. Hukumar tacewa tana nan tun 2001, an tsare Aminu Ala a 2009, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, duk a kan batun waƙa, kuma waɗannan masu suna ne da magoya baya.

To ina riba ga wanda ya ƙi ubangida? Gaskiya a kusa babu yawa. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Yawancin waƙoƙi a garuruwanmu ta hannun masu tura waƙa a shagunan caji suke yawo, ko daga waya zuwa waya ta Xender, ba tare da sisi ya koma wa mai ita ba. Amma wannan hanya da ake rainawa ta taɓa kai wani nesa. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo a katin waya a faɗin Sahara, har wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tsinto ɗaya ya saka a wani tarin waƙoƙi a 2011. Yau yana zagaya duniya da jitarsa, da harshensa na Buzanci. Abin da ya sa aka neme shi shi ne babu mai irin sautinsa. Da ya tsaya kwaikwayon waƙoƙin da ya tarar a situdiyo, da a nan labarin ya ƙare.

Mu masu sauraro ma da namu kason. Gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen zaɓen waƙoƙi, kuma abin da aka yawaita nema shi suke sakawa. Mai biki a Kiru zai iya gayyatar mai kukuma ko masu amada na garinsu tare da mai kiɗan kwamfuta. Wanda waƙa ta burge shi zai iya neman mai ita ya tura masa ko da kuɗin kati ne, kamar yadda zai liƙa masa a fili.

Idan Allah Ya kai mu ƙarshen shekara, ga abin da za mu auna sabbin waƙoƙin yankin da shi. Shin waƙar tana da gari, har mai sauraro zai iya cewa wannan daga bakin Tiga ta fito ko daga gindin duwatsun Riruwai? Shin an ji kayan kiɗa ko da guda ɗaya da hannun mutum ya taɓa, kalangu ko gurmi ko shantu? Shin an bar wa mace fage ta jagoranci waƙa da nata turken, maimakon a kira ta amshi kawai? Sannan idan aka cire sunan wanda aka yi wa waƙar, akwai sauran abin saurare? Waƙa biyar kacal da suka cika waɗannan sharuɗɗa daga ƙananan hukumomin nan huɗu sun isa mu ce shekarar ta yi albarka.