An sayi OpenOffice, wa ya tafi da sunan?

Akwai wata magana da nake yawan ji bakin ƴan'uwa masu son manhajar da ba a saye: wai tunda kod ɗinta a buɗe yake, ko wa ya sayi kamfanin babu abin da zai same ta. Ni dai ban yarda da wanga zance ba, kuma labarin OpenOffice ya ishe ni hujja.

A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya sayi Star Division, kamfanin Jamus mai manhajar rubutu da lissafi StarOffice. A 2000 Sun ya saki kod ɗin ga kowa, aka raɗa masa suna OpenOffice.org. Shekara goma mutane suna gyara suna fassara, wasu da albashi, wasu don Allah. Sai Oracle ya sayi Sun a kan dala miliyar 7,4, cinikin ya ƙare a Janairun 2010.

Gaskiya ne, lasisin LGPL bai bar Oracle ya ƙwace abin da aka riga aka saki ba. Nan masu waccan magana suke tsayawa, su tafa hannu. To amma sun manta da wata takarda. Duk wanda ke son gyaransa ya shiga OpenOffice, sai ya sa hannu ya ba Sun haƙƙin mallakar aikinsa. Da aka sayar da Sun, takardun ga suka bi shi, kamar ɗan akuya ya bi uwarsa kasuwa. Ke nan Oracle na iya canza lasisin shi kaɗai, ba sai ya tambayi kowa ba. Haka kuwa aka yi a 2011: ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, lasisi ya koma na Apache, wanda ya yarda kamfani ya ɗauki kod, ya ƙara nasa, ya rufe, ya sayar, ba tare da ya maido komi ba. Wanda ya kwana yana gyara a 2005 bisa sharaɗin a maido, wa ya nemi shawararsa?

Sai batun suna, wanda ni shi ya fi ci min rai. Ran 28 ga Satumba 2010 wasu daga cikin masu aikin suka ɓalle, suka kafa The Document Foundation, suka ɗauki kod ɗin suka ci gaba da shi da sunan LibreOffice. Sun gayyaci Oracle ya shigo, ya ba su tsohon sunan. Ya ƙi, har ya nemi waɗanda ke cikin majalisar OpenOffice su sauka. Ubuntu, Fedora da Debian duk suka koma LibreOffice. Za ku ce to ai an tsira. Masana sun tsira, i. Amma OpenOffice 4.1 ya fito tun 2014, har yau ƙananan gyare-gyarensa kawai ake saki, alhali LibreOffice na fidda babban sabon zubi sau biyu a shekara. Ɗalibin da zai buga rahotonsa na ƙarshen karatu bai san wannan rigima ba. Sunan da ya taɓa ji shi zai nema a intanet, ya kashe megarsa a kan tsohon kaya. Na sha ganin OpenOffice a kile USB da ke yawo tsakaninmu, mai shi kuma yana ganin ya samo na zamani.

MySQL ma Sun ya saya a 2008 a kan dala miliyar 1, ta faɗa hannun Oracle. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta, ya yi ta kai kuka ga Hukumar Tarayyar Turai ta hana cinikin, bai yi nasara ba. Ya fidda MariaDB. Ina jinjina masa, amma fa da hannunsa aka fara sayarwa.

Abin da mutanen LibreOffice suka yi shi ne ya fi burge ni, kuma ba a cika faɗinsa ba. Sun soke takardar nan. Kowa na riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta, don haka mai son canza lasisi sai ya bi ɗaruruwan mutane ɗaya bayan ɗaya. A Fabrairun 2012 aka yi wa gidauniyar rajista a Berlin, sunan LibreOffice yana hannunta, ita kuwa ba ta da hannun jarin da wani kamfani zai zo ya saya.