Mota, Ƙusa da Tafireta: Nazari a kan Kayan Wasa a Finafinan Leƙen Asiri

Gabatarwa

Galibin masu sharhin fim sukan tsaya a kan jigo da zubin labari da ƙwarewar ƴan wasa, su wuce kayan da ke cikin hoton kamar ado ne kawai. A fim ɗin leƙen asiri wannan ganganci ne, domin sana'ar ɗan leƙen asiri ita ce ɓoye abin da ke ransa: bakinsa ƙarya yake faɗa, fuskarsa kuma a ɗaure take. Saboda haka kaso mai yawa na labarin yana rataye ne a wuyan ɗakin da aka zaunar da shi, da rigar da aka sanya masa, da abin da ke cikin aljihunsa. A wannan takarda za mu yi amfani da kalmar dandali ga wurin da aka gina ko aka shirya domin ɗaukar hoto, sutura ga tufafin ƴan wasa, kayan wasa kuma ga duk abin da ɗan wasa ke riƙewa ko yake aiki da shi. Ma'aunin da za mu ɗora su a kai guda ne: shin kayan na ƙara wa jarumi nauyi ne, ko kuwa sauke masa nauyin suke yi? Ra'ayinmu shi ne, abin da ya jefa jarumi cikin haɗari ya fi abin da ya fid da shi amfani ga labari, kuma finafinan da suka fi suna a wannan fanni ba kullum suke cin wannan jarrabawa ba.

Ɗakunan Ken Adam

Duk wanda ya kalli finafinan James Bond na farko ya shiga ɗakunan Ken Adam, ko da bai san sunansa ba. An haife shi a birnin Balin a 1921, iyalinsa Yahudawa ne da suka gudu zuwa Ingila a 1934, ya tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma karanta zanen gine-gine. Shi ya tsara dandalin finafinan Bond guda bakwai, daga Dr. No (1962) zuwa Moonraker (1979). Ya rasu a 2016.

Aikinsa mafi kyau, a ganinmu, yana cikin mafi araha. A Dr. No akwai wani ɗaki da aka kira Farfesa Dent domin ya karɓi umarni. Babu komai a ciki sai kujera ɗaya da tebur a can gefe, sai wata ƙatuwar taga zagayayya a rufi mai sandunan ƙarfe, wadda inuwarta ta sauka a bango kamar saƙar gizo. Ba a ga mai gidan ba, muryarsa kawai ake ji. Dent ya zauna a kujerar nan ya koma ɗan mitsitsi, kafin a ce ya ɗauki kejin da ke kan tebur, mai tautau a ciki. Ba a faɗa mana cewa Dr. No mai iko ba ne, rufin ɗakin ya riga ya faɗa. Wannan salo na karkataccen layi da doguwar inuwa gado ne daga finafinan Jamus na shekarun 1920, irin su The Cabinet of Dr. Caligari, waɗanda suka yi tasiri a kan Adam.

A Goldfinger (1964) an buƙaci a nuna cikin Fort Knox, taskar zinariyar Amurka da ke jihar Kentucky. Ba a yarda masu fim su shiga ciki ba, sai Adam ya ƙago nasa: bene a kan bene, zinariya jibge a bayan sandunan ƙarfe har ido ya gaji da ɗagawa. Ga wanda ya san ƙarfen nan, wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin tubali ɗaya irin na bankuna ya haura kilo 12, ba a tara shi da tsawo haka. Amma Adam ba taskar banki yake zanawa ba, yana zana abin da kwaɗayi ke nuna wa mutum idan ya rufe ido. A nan ƙaryar ta yi wa labari aiki.

Matsala ta fara ne da kuɗi suka yawaita. Domin You Only Live Twice (1967) an gina cikin dutse mai aman wuta a harabar Pinewood, da rufi mai zugewa, da ƙaramin jirgin dogo, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu, da roka. An kashe masa kimanin dala miliyan ɗaya, wato kusan abin da aka kashe wa Dr. No baki ɗaya. Abin kallo ne, babu musu. Sai dai ɗakin Dent yana danne mutum ɗaya da muka san tsoronsa, shi kuwa dutsen yana haɗiye ɗaruruwan mutane masu riguna iri ɗaya waɗanda mutuwarsu ba ta dame mu ba. Daga nan mai kallo ya fara jiran abu guda, wato lokacin da ginin zai tashi da wuta.

Jaka da mota

Na'urorin Bond suna da tsari sananne. A farkon fim, Q, wanda Desmond Llewelyn ya fito a matsayinsa daga 1963 har zuwa 1999, zai nuna wa Bond kayan ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya ko ƙarshe kowane ɗaya zai sami ranarsa. Alkawari ne ake yi wa mai kallo, kuma daɗin yana cikin jiran cikawarsa. Haɗarin shi ne marubuci ya fara ƙera makulli sannan ya ƙera ƙofar da za ta dace da shi.

Jakar hannu ta From Russia with Love (1963) ta tsallake wannan rami. A cikinta akwai wuƙa a ɓoye, da tsabar zinariya 50, da gwangwanin hoda wanda a gaskiya hayaƙi ne mai sa hawaye, mai fashewa idan aka buɗe jakar ba bisa ƙa'ida ba. A cikin jirgin ƙasa, Red Grant ya durƙusar da Bond a bakin bindiga. Jakar ba ta yi komai da kanta ba. Sai da Bond ya karanci mutumin, ya gane yana da kwaɗayi, ya miƙa masa zinariyar, ya bar shi ya buɗe jaka ta biyu irinta da hannunsa. Ashe abin da ya kayar da Grant halinsa ne. Hayaƙin rakiya ya yi.

Motar Goldfinger, Aston Martin DB5, ita ce ta fi kowane kayan wasa suna a wannan fanni: lamba mai juyawa, bindigogi a gaba, garkuwa a baya, hayaƙi, mai da take zubarwa a titi, da kujera mai cilla mutum ta rufi. (Kalmarmu ta kayan wasa ta yi daidai a nan ta fuska biyu, domin a 1965 kamfanin Corgi ya fitar da ƴar ƙaramarta ta yara, ta kuma yi kasuwa sosai.) Abin da mutane kan manta shi ne yadda tafiyar ta ƙare. Bayan Bond ya gama nuna duk dabarun motar a masana'antar Goldfinger, sai ya hangi fitilu suna tunkaro shi, ya kauce, ya daki bango, aka kama shi. Fitilunsa ne a cikin madubi. Masu fim ɗin sun san abin da suke yi: sun ƙoshar da mu da ƙarfe, sannan suka sa gilashi ya kayar da shi. Magadansu ba su riƙe wannan wayo ba. Zuwa Die Another Day (2002) an kai ga mota mai ɓacewa daga gani, kuma duk wanda ke da irin wannan mota babu sauran dalilin da za a ji masa tsoro. Ba mamaki da Casino Royale (2006) ya fito babu Q sam.

Sutura ba za ta ɗauke mu lokaci ba, sai dai akwai abin da bai kamata a wuce ba. Kwat ɗin Sean Connery telan Landan Anthony Sinclair ne ya ɗinka, kuma a buɗewar Goldfinger Bond ya fito daga ruwa, ya tuɓe rigar nutso, sai ga farar kwat ba ko lanƙwasa, ya soka mata jan fure. Raha ce mai daɗi, ko da yake ɗan leƙen asirin da kowa ke waiwaye ya kalla ya riga ya faɗi a sana'arsa. Shi kuwa mugun, wanda masu kallo a nan suke kira bos, sau da yawa riga ake sa masa mai tsayayyen wuya irin ta Asiya: haka Dr. No, haka Blofeld na 1967. Joseph Wiseman da ya fito a Dr. No Bature ne haifaffen Kanada, aka yi masa kwalliya ya zama ruwa biyu da Basine. Aka kuma yi wa Blofeld tabo a fuska. Ɗalibi ya lura da abin da ake koya wa ido ba tare da an furta ba: ɗinkin Landan shi ne gaskiya, baƙon ɗinki da tabo su ne sharri. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta ba.

Ƙusar Palmer

Abin sha'awa, amsar da ta fi ƙarfi ga Bond daga cikin gida ta fito. The Ipcress File (1965), wanda aka ɗauko daga littafin Len Deighton, Harry Saltzman ne ya shirya shi, ɗaya daga cikin masu shirya Bond, kuma Ken Adam ɗin nan dai shi ya tsara dandalin. Jarumin, Harry Palmer (Michael Caine), yana farkawa ne da ƙarar agogo, ɗakin na dishi-dishi har sai ya lalubo tabarau. Yana niƙa kofi, yana cefane, yana cika fom a ofis, yana ƙorafin albashi. Tabarau ɗin nan ya fi bindiga goma aiki, domin daga minti na farko mun san akwai abin da idan aka fizge masa ya nakasa.

Da maƙiya suka sace shi, ya farka a wani kurkuku da duk alamu suka nuna a Albaniya yake. Ana hana shi barci, ana sa shi cikin akwatin haske da ƙara domin a wanke masa ƙwaƙwalwa. Makaminsa guda ne, wata lanƙwasasshiyar ƙusa da ya samu a ɗakin, wadda yake dannawa cikin tafin hannunsa domin zafin ya hana hankalinsa tafiya. Babu wanda ya ba shi ita a farkon fim, kuma duk amfanin da zai yi da ita da jininsa yake biya. Da ya tsere ya haura katanga, sai ga shi a tsakiyar Landan. Albaniyar duk dandali ce da aka gina masa. Wato a nan Adam ya mai da sana'arsa ta zama makamin mugu, ya nuna cewa wanda ya iya shirya ɗaki yana iya shirya abin da mutum zai gaskata.

Tafireta mai jar tawada

Fim ɗin Jamus Das Leben der Anderen (2006), wato rayuwar wasu, na Florian Henckel von Donnersmarck, ya kai wannan hanya nesa. Labarin ya fara a Balin ta Gabas a 1984. Kyaftin Wiesler na Stasi, ƴan sandan cikin Jamus ta Gabas, yana zaune a ɗakin ƙarƙashin rufi da abin sauraro a kunne, yana naɗar rayuwar marubuci Dreyman da ke ƙasa. Launukan fim ɗin toka-toka ne da kore da ruwan ƙasa, rigar Wiesler ma launin bango gare ta. Kayan aikin ba su da ƙyalli: wayoyi a bayan makunnin fitila, tururin buɗe wasiƙu, da ƙyallen da ake shimfiɗawa a kujerar wanda ake tuhuma, a adana warin jikinsa a kwalba saboda karnuka. Wannan na ƙarshe ba ƙagen marubuci ba ne, Stasi ta yi hakan.

Dreyman na son rubuta maƙala a kan yawan masu kashe kansu a ƙasar, a buga a Jamus ta Yamma. Tun da hukuma na iya gane kowace tafireta daga tabon haruffanta, sai aka shigo masa da wata ƴar siririya a ɓoye, wadda ƙyallen tawadarta ja ne. Yana ɓoye ta a ƙarƙashin katakon dokin ƙofa. Daga ranar da ta shiga gidan, duk wanda ya san inda take ya shiga uku. Masoyiyarsa Christa-Maria ta gani. Aka matsa mata, ta faɗa. Wiesler ya riga abokan aikinsa zuwa ya ɗauke ta. Ita kuwa, ba ta san an ɗauke ba, ta fita titi mota ta buge ta. Abu ɗaya, ba ya harbi, ba ya fashewa, amma ya tilasta wa mutum uku kowa ya nuna ko shi wane ne.

Akwai masana tarihin Stasi da suka soki fim ɗin, suna cewa tsarin sa ido a cikin hukumar ba zai bar jami'i ɗaya ya yi abin da Wiesler ya yi ba. Sukar na da nauyi, kuma ta shafi batunmu kai tsaye: da yake kwalaben da wayoyin na gaskiya ne, mai kallo yakan ɗauka jami'in mai tausayi ma na gaskiya ne. Ingancin kaya yana iya ara wa labari amincin da bai cancanta ba, kamar yadda ƙyallin Fort Knox ya yi ta wata fuskar. Duk da haka, dubi yadda aka warware ƙullin. Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989, Dreyman ya je ya karanta fayil ɗinsa, yana mamakin wanda ya rufa masa asiri. Babu wanda ya yi masa bayani. A ƙasan shafin ƙarshe na rahoton, kusa da lambar jami'in, HGW XX/7, sai ya ga shatin yatsa da jar tawada.