Baƙauye da gadon dala miliyan 20

Fim ɗin da na kawo muku a wannan fitowa ya girmi kakannin wasunmu. Sunansa Mr. Deeds Goes to Town, kamfanin Columbia na Amurka ya fitar da shi a 1936, baƙi-da-fari ne, babu kala. Frank Capra ne ya ba da umarni, har ya ci kyautar Oscar a kansa.

Longfellow Deeds, wanda Gary Cooper ya fito a matsayinsa, mutumin wani ɗan ƙaramin gari ne mai suna Mandrake Falls a jihar Vermont. Yana rubuta 'yan waƙoƙin da ake bugawa a katin gaisuwa, in kuma tunani ya ishe shi sai ya ɗauki wani ƙaton abin busa da ake kira tuba. Kwatsam kawunsa ya mutu a haɗarin mota a Italiya, ya bar masa dala miliyan 20. Lauyoyin mamacin, waɗanda dama sun taɓa kuɗin, suka lallaɓo shi zuwa New York suna ganin sun sami ɗan ƙauyen da zai sa hannu a takarda ba tare da ya karanta ba.

Mu da muke zaune a garin wasu ba ma buƙatar a fassara mana wannan ɓangaren. Wanda ya taɓa sauka daga mota da ƙullin kayansa, 'yan gari suna yi masa kallon wawa saboda harshensa, zai gane abin da Deeds ya ji a wurin cin abincin nan da manyan marubuta suka gayyato shi teburinsu don kawai su yi masa dariya. Cooper ba ya yawan magana, a fuskarsa za ka ga lokacin da ya gano ashe ba'a ake yi masa. Haka 'yar jaridar nan Babe Bennett (Jean Arthur ce ta fito), wadda ta yi suman ƙarya a ƙofar gidansa don ta shiga jikinsa, da dare tana yawo da shi, da safe tana mayar da shi abin dariya a jarida.

Inda fim ɗin ya daina wasa shi ne shigowar wani manomi da bindiga. Lokacin ana cikin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, manoma da yawa sun rasa gonakinsu. Mutumin ya zage Deeds tas, sannan ya zube yana kuka. Nan Deeds ya yanke shawarar saya wa manoma gonaki, eka 10 kowanne, wanda ya noma tasa shekara 3 ta zama mallakarsa. To fa! Duk lokacin da yake shirme a gari, har da ciyar da doki fanke cikin maye, lauyoyi ba su ce yana da taɓin hankali ba. Ranar da ya ce zai raba kuɗin ne suka kai shi kotu wai mahaukaci ne. Wannan kaɗai ya isa a kalli fim ɗin.

Zaman kotun akwai ban dariya, musamman tsofaffin mata biyu da aka ɗauko daga garinsu su ba da shaidar cewa kansa da motsi. Da aka bi diddigi, ashe a gidansa suke zaune ba sa biyan ko sisi, kuma a wurinsu kowa ma a garin kansa da motsi in ban da su biyu.

Amma ina da ƙorafi. Capra ya so ƙauye da yawa, har ya mayar da duk ɗan birni ɓarawo ko munafuki, alhali garin da yake yabo 'yan mintuna kawai muka gan shi. Wallahi akwai mugunta a ƙauye, akwai mutanen kirki a birni, in ba haka ba da ba mu zauna a nan shekara da shekaru ba. Sannan manoman nan ba su da ta cewa: layi kawai suke bi suna jiran mai kuɗi ɗaya ya ji tausayinsu. Da gadon ya faɗa hannun ɗaya ɗan'uwan mamacin, wanda ya haɗa baki da lauyoyi, shi ke nan sun tashi a tutar babu, kuma fim ɗin bai tsaya ya dubi wannan ba. Ga kuma saurin hannun Deeds. Ya naushi marubuta, ya naushi lauya a gaban alƙali, duk da haka aka wanke shi. Kai ko ni mu gwada haka a kotun majistare mu gani.

An sake yin fim ɗin a 2002 da Adam Sandler, amma in za ku nema, ku nemi na 1936. Turancinsu akwai sauri, sai ku kunna rubutun ƙasa.