Inda Ido Bai Kai Ba: Sauya Tiyon Ruwa a Tsohuwar Hayis

Da hantsi direban ya shigo garejin, galan biyu na ruwa ajiye a gefen ƙafar kwandasta. Mako uku ke nan, in ji shi, yana fama: zuwa Wudil galan guda, dawowa Kano galan guda. Ya sha leƙa ƙasan motar bai ga inda take zubarwa ba, sai ya ɗauka tsufa ne kawai. Maigidan garejin, dattijo mai furfura a gemu, ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, "Malam direba, ruwa ba ya tsami banza. Mota ba ta shan ruwa. In ka ga ya ragu, akwai inda ya bi."

Motar Toyota Hiace ce, wadda muke kira Hayis. Tun 1967 kamfanin ke ƙera ta, wannan kuwa irin samfurin da ya fara fitowa a 1989 ne, wanda har yau ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu. Mai ƙaramar mota in ya ɗaga bonet, injinsa na shimfiɗe a gabansa, kome a fili. Irin wannan Hayis ba ta da wannan dogon hancin. Injinta yana ƙarƙashin kujerun gaba, direba a kansa yake zaune. Hakan ne ya ba ta filin ɗibar fasinja, hakan ne kuma ya sa mai gyaranta ke aiki ta wata 'yar kafa, rabin jikinsa a cikin mota, hannunsa a wurin da idonsa bai kai ba.

Abin da dattijon ya fara yi shi ne jira. Ya matsa babban tiyon da ke saman lagireto, ya ji shi tauri kamar tayar keke da aka cika da iska, ya ce a bar ta ta huce. Dalili yana rubuce a kan marfin lagireton, wata 'yar lamba, 0.9. Marfin yana riƙe matsi a cikin hanyar ruwan, shi ya sa ruwan da zai tafasa a digiri 100 a tukunya ke iya kaiwa kusan digiri 120 a cikin mota bai tafasa ba. Wanda ya buɗe shi da zafi ya saki matsin gaba ɗaya, ruwan ya tafasa nan take ya watso masa a fuska. Kanikawa da yawa suna ɗauke da tabon wannan gaggawa a damtse.

Kafin motar ta huce ya yi wa yaronsa bayanin da ni ma na ƙaru da shi. Wuta ce ke ci a cikin injin, ruwa ne ke kwashe zafinta. Famfo yana tura ruwan ya ratsa jikin injin, ya fita zuwa lagireto, fanka da iskar hanya su sanyaya shi, ya komo. To me ya sa ba a yi hanyar duka da ƙarfe ba? Saboda injin yana rawa a kan mazauninsa, lagireto kuwa a ɗaure yake da jikin mota. Bututun ƙarfe tsakaninsu zai tsage cikin ɗan lokaci. Roba ce ke shanye wannan girgiza, robar da aka saƙa zare a cikinta don ta jure matsi. Manyan tiyo biyu kowa ya san su, na sama da na ƙasa, kuma su ake yawan sauyawa don suna kusa da hannu. Amma akwai ƙanana, wasu tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, masu haɗa bututun ƙarfe da jikin injin ko masu kai ruwan zafi ga hita. Yawancinsu tun daga masana'anta babu wanda ya taɓa su.

Neman inda ruwa ke fita shi ne rabin aikin, domin ɗigon da ke faɗowa ƙasa yaudara yake yi. Ruwa yana bin jikin ƙarfe ya gangara, fanka ta watsa shi, zafin injin ya busar da saura kafin ya isa ƙasa. Sai ya ɗiga a nan alhali a can ya fito. Dattijon bai bi ɗigo ba, sawu ya bi. Ruwan mota in ya bushe yakan bar wani farin gari ko jan layi na tsatsa, kamar yadda gumi ke barin gishiri a riga. Ya ɗaga kujerar fasinja, ya kwance kujerar direba da faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ya cire kan batir, ya janye bututun da ke kai iska. Kowane noti ya jefa shi a gwangwanin da ya ware masa. Sannan ya cika lagireto, ya ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakinsa, ya buga iska har allura ta kai lambar da ke kan marfin, bai wuce ta ba. Allurar ta fara sauka a hankali. Ya ɗauko guntun madubin babur da ya ɗaure a kan waya, ya zura shi ƙarƙashin bututun da ke raba wa injin iska, yaron ya haska masa da fitilar waya. Can a cikin madubin sai ga wani ɗan tiyo mai lanƙwasa, ya kumbura a wuya, ruwa na tsattsafowa daga gindin abin da ya ɗaure shi.

Na zaci daga nan zai kama cirewa. Sai na ga ya rufe ido yana bin sauran ƙananan tiyon ɗaya bayan ɗaya da yatsu, yana matsa kowanne kusa da bakinsa. Lafiyayyen tiyo yana da ƙarfi, in an matsa shi ya dawo yadda yake. Wanda ya mutu iri biyu ne. Wani yakan yi laushi kamar dafaffen rogo, musamman in baƙin mai ya daɗe yana ɗiga a kansa, don irin wannan roba ba ta shiri da mai. Wani kuma yakan ƙandare, ka ji yana ƙara-ƙara a ƙarƙashin yatsa. Daga ciki suke fara ruɓewa, kusa da inda suka haɗu da ƙarfe, bayansu kuwa sumul, ido ba zai tuhume su ba. Ya sami uku da ba su gamshe shi ba. Ya ce wa direban, "Tare aka sa su, tare suka tsufa. In na sauya ɗaya yau, wata mai zuwa ka dawo mu sake kwance kujerun nan."

Akwai gajeriyar hanya, kuma ana binta kullum a bakin titi. A yanko tsohon tiyub a naɗe wurin, a ɗaure da waya, a ce direba ya je Allah ya tsare. Wani ma ba zai gano wurin ba, sai ya cire abin nan da ake kira tamostat ya jefar, ya ce ya magance zafi. Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin injin har ya yi ɗumi, a yawancin waɗannan motoci sai wajen digiri 82 yake fara buɗewa. Cire shi ba ya toshe kafar da ruwa ke bi. Motar za ta ci gaba da tsiyaya har ranar da ruwan zai ƙare a tsakiyar hanya, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da fasinja cike. A lokacin gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, wataƙila kan injin ma ya lanƙwashe, kuɗin ɗan tiyo ya koma kuɗin sauke injin.

Dattijon ya kwance ɗan marfin da ke gindin lagireto, ya tara daro. Ya gargaɗi yaron kada ya zubar a ƙasa. Ruwan nan mai launi da ake zuba wa mota yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne. Akuya ko kaza in ta sha tana iya mutuwa, balle ƙaramin yaro.

Daga nan aka shiga wurin da gwaninta ke bayyana. Kowane bakin tiyo yana ɗaure da kilif, wani zoben ƙarfe mai kunnuwa biyu da ake matsewa da filaya ya buɗe. A masana'anta an ɗaura waɗannan zobba ne tun injin yana waje, babu abin da ya tare hannu, don haka kunnuwan na iya fuskantar inda filaya ba za ta shiga ba. Ya gwada ta sama, bai samu ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwanta a kan kwali, ya miƙa hannu har kafaɗa da wata doguwar filaya mai lanƙwasasshen baki. Yaron yana sama da madubi yana cewa, "Oga, ɗan yi dama. Ka wuce. Dawo kaɗan. Yauwa, ka kama." Zoben ya kuɓuce sau biyu. Bai ɗaga murya ba, ya sake laluba. A karo na uku ya matse shi ya ja shi baya a kan jikin tiyon.

Cire zobe ba ya nufin tiyo zai fito. Robar da ta shekara talatin a kan ƙarfe ta manne da shi kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mai gaggawa zai cusa sukudireba ya ɓamɓare, kuma nan ake yin ɓarnar da ta fi ta farko, domin bakin da tiyon ke zaune a kai siririn ƙarfe ne da tsatsa ta riga ta ci, ko alminiyam mai saurin karcewa. In ya karye, sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai ga sauya shi. Dattijon ya fara murɗa tiyon hagu da dama don ya saki. Da ya ƙi, ya ɗauko wata 'yar ƙugiya da ya ƙera da kansa daga tsohuwar sukudireba, ya dasashe bakinta, ya zagaya da ita tsakanin roba da ƙarfe. Ɗayan bakin da ya ƙi saki ko kaɗan, reza ya sa ya tsaga robar a tsaye, sannu-sannu, yana tsayawa kafin kaifin ya taɓa ƙarfen, sannan ya ɓare ta kamar ɓawon ayaba. Dogon cikinsu kuwa, wanda ya ratsa ta bayan wayoyi, sai da ya ɗaura masa igiya a wutsiya kafin ya zaro shi. Igiyar ta zauna a hanyar da tsohon ya bi, da ita za a jawo sabon.

Ya aiki yaron Kasuwar Ƙofar Ruwa da tsofaffin a leda. "Ka auna baki da baki, ka dubi lanƙwasa. Kada ka karɓo tiyon mai, na ruwa nake so." Wannan lanƙwasa tana da muhimmanci. A masana'anta ake gasa tiyon da siffarsa. In aka tanƙwara miƙaƙƙe da ƙarfi a irin wannan kwana sai ya ƙulle a gwiwa, ruwa ya kasa wucewa, mota ta koma zafi ba tare da ɗigo ko ɗaya ba. Kafin yaron ya dawo, shi kuma yana goge kowane bakin ƙarfe da samfefa mai laushi, yana shafawa da yatsa yana neman ramukan tsatsa, domin sabuwar roba ba ta kama wurin da bai yi santsi ba.

Wajen mayarwa, zobe ake fara zurawa a jikin tiyo. Wanda ya manta sai ya sake cirewa. Dattijon ya shafa ruwan sabulu a cikin bakin robar don ta zame, ya hana yaron kawo giris. A ƙarshen kowane bakin ƙarfe akwai ɗan tudu da ya zagaye shi. Dole robar ta haye tudun nan ta wuce, zoben kuma ya zauna a bayansa, ba a kansa ba. Duk wannan da yatsu ya tabbatar. Ya fi son mayar da zobe mai kunnuwa in bai gaji ba, don yana bin robar, ya buɗe in ta kumbura da zafi, ya matse in ta huce. Mai sukuru kuwa yadda aka ɗaure shi haka yake tsayawa, in an matse shi da yawa ya yanka robar, in an sassauta ya bar ɗigo. Wani abu da ya yi ya burge ni ƙwarai: kowane zobe sai da ya juya kunnuwansa suka fuskanci inda hannu zai iya kaiwa, saboda duk wanda zai sake buɗe wurin nan gaba. Inda sabon tiyo ke gogar gefen ƙarfe kuma, ya tsaga guntun tsohon ya yi masa riga.

Saura zuba ruwa, wanda mutane ke ɗauka ba aiki ba ne. Ya ce wa direban ya daina zuba ruwan rijiya zalla, yana barin farin dutse a hanyoyin lagireto irin wanda ke taruwa a butar shayi, yana kuma kawo tsatsa. Ya zuba ruwan mota na galan a hankali, siririn zubi, yana tsayawa yana matsa manyan tiyon don iska ta fito. Iskar da ta maƙale a ciki tana hana ruwa zagayawa, wani sashen injin ya yi ta gasuwa alhali lagireto cike yake. Ya sa aka ɗaga gaban motar kaɗan, ya murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ya tayar da injin marfi a buɗe. Kumfa ta riƙa tasowa jefi-jefi. Can sai ruwan ya nutse ƙasa farat ɗaya, tiyon sama ya ɗau zafi: tamostat ya buɗe ke nan. Ya ƙara ruwa, ya tsaya yana kallon bakin lagireton. Da kumfar ta ci gaba da fitowa ba ƙaƙƙautawa, da alama ce gasket ya riga ya taɓu a makonni ukun nan. Ta tsaya cak. Direban ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ya rufe marfin, ya cika 'yar robar ajiyar ruwa zuwa layinta, ya sake zura madubi a duk inda ya taɓa. A bushe. Bai mayar da kujerar direba ba sai da ya ƙirga notin da ke cikin gwangwani. Suka zaga da motar har kan titin Zariya suka dawo, allurar zafi na tsaye ƙasa da tsakiya. La'asar ta yi a lokacin, bayan hannunsa duk ƙarce, yana wanke shi da omo da yashi.

"Gobe da asuba, kafin ka tayar da ita, ka buɗe marfin ka duba," ya ce wa direban. "Za ka ga ya ɗan sauka, ragowar iska ce ta fita. Ka cika shi. In jibi ya sake sauka, ka kawo mini ita kafin ka ɗauki fasinja."